Ɗigon Mai a Gindin Farce

A duk faɗin fatar ɗan Adam, wuri guda ne siraran jijiyoyin jini suke kwanciya a miƙe yadda za a iya ganin tsawonsu ba tare da an tsaga jiki ba, wato 'yar fatar nan da ta lulluɓe gindin farce. A sauran jiki a tsaye suke, kawunansu na kallon sama, duk wanda ya leƙa ta madubin likita jajayen ɗige-ɗige kawai zai gani. A gindin farce kuwa a jere suke a kwance, kowace ta lanƙwashe ta dawo: jini ya shiga ta gefe ɗaya, ya yi kwana, ya fita ta ɗayan. A yatsan mai lafiya akan ƙirga kamar 7 zuwa 12 cikin milimita ɗaya, kuma kaurin kowace bai kai maikiromita 20 ba, alhali sai an tara maikiromita 1,000 ake samun milimita guda. Yau jami'o'i da kamfanoni sun duƙufa wajen koya wa kwamfuta ɗaukar hoton waɗannan jijiyoyi da auna su, wasu har suna alkawarin cewa daga yatsa ɗaya za a karanto lafiyar jiki baki ɗaya. An taɓa yin irin wannan alkawari a Jamus shekaru ɗari da suka wuce, bai kuwa ƙare da daɗi ba. Abin da na fahimta daga tarihin wannan fanni shi ne, hoton jijiyoyin bai fara faɗin gaskiya ba sai da aka ɗaure shi da tambaya guda takamaimiya, aka kuma bi marasa lafiya shekara da shekaru don a ga abin da ya same su. Wannan sharaɗi da ya hau kan idon likita ya hau kan kwamfuta, saurin lissafinta kuma ba zai sauke mata shi ba.

Hankali ya riga ido sanin cewa jijiyoyin nan suna nan. Ibn al-Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya bayyana cewa jini yana bi ta huhu kafin ya koma ɗaya ɓangaren zuciya, ya kuma ce dole akwai wasu ƙananan mashigai tsakanin jijiyar da ke kai shi da wadda ke dawo da shi. William Harvey na Ingila ya tabbatar a 1628 cewa jini kewayawa yake yi, amma har ya bar duniya bai ga mahaɗar ba. Marcello Malpighi ne ya gan ta a Bologna ta Italiya a 1661, a huhun kwaɗo, daga baya kuma Antonie van Leeuwenhoek na Delft ya kalli ƙwayoyin jini suna wucewa a wutsiyar talibambam. Duk wannan a jikin dabba aka yi shi. Fatar mutum mai rai ta ƙi ba da kai, domin samanta yana da kaushi, haske na faɗawa kansa sai ya tarwatse.

Abin da ya warware matsalar bai fi ƙarfin talaka ba. Warren Lombard, masanin aikin gaɓoɓin jiki daga Jami'ar Michigan ta Amurka, ya wallafa a 1912 cewa idan aka ɗiga mai garai-garai a gindin farce, sai ya cike ramukan fatar, haske ya ratsa, jijiyoyin su fito fili. Har gobe da wannan ɗigon ake fara gwajin. Likitocin Jamus suka karɓi dabarar hannu bibbiyu. A Tübingen, Eugen Weiss ya tsara yadda za a riƙa dubawa da ɗaukar hoto tun wajen 1916, shugabansa Otfried Müller kuma ya fitar da babban kundi a 1922 mai ɗauke da zane-zane masu launi na jijiyoyin masu lafiya da marasa lafiya. Zamanin ma na jijiyoyin ne: a 1920 aka ba August Krogh na Denmark kyautar Nobel saboda ya nuna yadda suke buɗewa da rufewa gwargwadon buƙatar tsoka, a 1930 kuma Eugene Landis ya soka siririyar allurar gilashi cikin jijiya guda a gindin farcen mutum ya auna matsin jinin da ke cikinta. Ta fuskar gani, aiki ya riga ya kammala tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu.

Wajen fassarar abin da aka gani ne aka yi tuntuɓe. Müller da almajiransa sun nemi alamar kusan kowace cuta a cikin lanƙwasar jijiyoyin, daga ciwon ƙoda da hawan jini zuwa ciwon sukari da gyambon ciki, har suka kai ga cewa akwai mutanen da aka halitta da raunin jijiyoyi, waɗanda siffar da ke yatsunsu take tona asirin yanayinsu. Wani likitan Jamus, Walther Jaensch, ya wuce nan. Ya ɗauki wata gaskiya ƙarama, cewa jariri ba a haifarsa da jijiyoyin farce a jere sai daga baya suke daidaita, ya gina mata bene. Ya ce akwai yaran da jijiyoyinsu suke tsayawa a matakin jarirantaka, kuma wannan alama ce ta tawayar ƙwaƙwalwa, yana danganta abin da matsalar ƙullin maƙogwaro mai kawo maƙoƙo. Shi da abokan aikinsa suka riƙa duba yatsun yara a makarantu da gidajen kula da masu tawaya, suka fitar da littafi a 1929. A zamanin mulkin 'yan Nazi yana Balin yana shugabantar wata cibiyar binciken yanayin halittar mutum, ya kuma rubuta littafi yana haɗa siffar jiki da hali da launin fata. Ban kawo wannan don in shafa wa kowane mai bincike kashin kaji ba. Na kawo shi domin kuskuren da ke ƙasansa na ilimi ne kafin ya zama na siyasa. Jijiyoyin masu lafiya sun bambanta ƙwarai: na wani a miƙe, na wani a murɗe, na wani sun haye juna, kuma a hannu ɗaya ma yatsa yakan saɓa wa ɗan'uwansa. Wanda bai san iyakar wannan bambanci ba, duk abin da ya zo nema zai samu. Da sauran likitoci suka kasa maimaita sakamakon, sai aka yi watsi da fannin kusan gaba ɗaya na tsawon shekaru.

Abin takaici, a cikin tarkacen da aka zubar har da zinariya. A 1925 George Brown da Paul O'Leary na asibitin Mayo a Amurka sun bayyana cewa masu cutar siklerodama suna da kumburarrun jijiyoyi a gindin farce, yawansu kuma ya ragu. Siklerodama cuta ce da garkuwar jiki take juyawa kan mai ita: fata ta yi tauri ta ɗaɗɗaure, yatsu su ƙanƙance su yi gyambo, daga nan abin yakan shiga huhu da ƙoda da zuciya da hanyar abinci. Ta fi kama mata. Ga mafi yawan masu ita, alamar farko ita ce larurar da Maurice Raynaud ya bayyana a Faris a 1862, inda yatsu suke yin fari fat in sun ji sanyi, su koma shuɗi, sannan su yi ja da zogi idan jini ya dawo. Sai dai wannan larura ta yawaita a ƙasashen sanyi, kuma ga mafi yawan masu ita ba ta wuce damuwar hunturu ba. Kaɗan ne cikinsu take zama musu sallamar babbar cuta, wani lokaci shekaru kafin fata ta fara tauri. Ga tambayar da likita yake buƙatar amsarta ruwa a jallo: cikin matan nan da suka zo da yatsu masu sanyi, wace ce za a sallama da kwanciyar hankali, wace ce kuma za a sa wa ido?

Wadda ta ɗaura hoton da wannan tambaya ita ce Hildegard Maricq, kuma tarihinta ma hujja ne. Likitar ƙwaƙwalwa ce, ta fara ne da neman alamar taɓin hankali a jijiyoyin farce cikin shekarun 1960, layin da bai zama gwajin asibiti ba. Da ta haɗa kai da Carwile LeRoy, masanin cututtukan gaɓoɓi da garkuwar jiki, sai aikin ya canza alƙibla. A 1973 suka wallafa bayanin abin da ake kira tsarin siklerodama: manyan jijiyoyi da suka buɗe fiye da kima, da wuraren da jijiyoyi suka ɓace fatar ta zama fili. Dabararsu ta saɓa wa abin da mutum zai zata, domin rage ƙarfin madubin suka yi don su ga jerin gaba ɗaya maimakon su ƙura wa jijiya ɗaya ido. Sun kwatanta masu wannan cuta da masu cututtuka makamantanta da kuma masu lafiya, suka ci gaba da aikin a Charleston ta jihar Carolina ta Kudu, Maricq har ta duba ma'aikatan masana'antar roba da ke shaƙar sinadarin binil kulorayid ta sami irin wannan lahani a yatsun wasunsu. Kayan aikinsu bai fi na Müller wani abin a-zo-a-gani ba. Tambayarsu ce ta fi tasa ƙunci, shi ya sa ake iya gane in amsar ta yi daidai ko ta kauce.

Daga nan ne na'ura ta shigo. Alfred Bollinger a Zurich da Bengt Fagrell a Stockholm sun haɗa madubin da kyamarar talabijin cikin shekarun 1970, suka auna gudun ƙwayoyin jini. Da aka samu kyamarar hannu mai ƙara girma sau 200, Maurizio Cutolo na Genoa ya kasa lahanin gida uku a 2000: matakin farko mai 'yan manyan jijiyoyi da ɗigon zubar jini, mataki na tsakiya inda waɗannan suka yawaita jijiyoyi suka fara raguwa, da matakin ƙarshe inda fili ya yi yawa, 'yan jijiyoyin da suka rage kuma suka yi rassa barkatai. Aka amince cewa wadda faɗinta ya haura maikiromita 50 ita ce ƙatuwa. Amma hujjar da ta rufe bakin masu shakka daga Montreal ta Kanada ta fito a 2008, inda Martial Koenig da Jean-Luc Senécal da abokan aikinsu suka ba da rahoton mutum 586 masu larurar Raynaud da aka bi diddiginsu cikin shekaru 20. Kashi 12.6 cikin ɗari ne suka kamu da siklerodama. Cikin waɗanda tun farko aka ga lahani a jijiyoyinsu aka kuma sami alamar cutar a gwajin jininsu, kusan kashi 80 cikin ɗari sun kamu. Cikin waɗanda ba su da ko ɗaya, ba su kai kashi 2 ba. Masu lahanin jijiyoyi kaɗai, ba tare da alamar jini ba, wajen ɗaya cikin huɗu ne suka kamu, wanda ke nuna cewa ko a inda hoton ya fi ƙarfi, ba ya tsayawa da ƙafarsa shi kaɗai. Haka ƙungiyoyin likitocin wannan fanni na Amurka da Turai suka ɗauke shi a ƙa'idojinsu na 2013: maki 2 suka ba lahanin jijiyoyin farce, cikin maki 9 da ake buƙata kafin a lissafa mutum cikin masu cutar. Tsakanin ɗigon man Lombard da waɗannan maki biyu, shekara 101 ce.

Duk da haka, ina cikin masu ganin kwamfuta tana da gurbi na gaskiya a nan. Gwajin yana da wahala. Sai an zaunar da mutum kamar minti 15 zuwa 20 a ɗakin da ba zafi ba sanyi, a duba yatsu takwas ban da manyan yatsu biyu, a ɗauki hoto biyu zuwa huɗu a kowane, wato hotuna 16 zuwa 32, sannan wani ya zauna ya ƙirga ya auna. Ƙwararru kansu sukan saɓa kan wace jijiya za a lissafa cikin jeri, da wane hoto ne ya yi dishi-dishi har bai karantuwa. Ƙirga da awo aiki ne da na'ura ba ta gajiya da shi, kuma abin da ta auna yau shi za ta auna gobe. A Manchesta, Ariane Herrick da masana kwamfuta irin su Chris Taylor da Michael Berks sun gabatar da manhaja a 2014 mai gano jijiyoyin ta auna faɗinsu da yawansu, daga baya suka ƙara mata dabarun ƙirƙirarriyar basira, suka kuma gwada 'yan madubai masu araha da ake jona wa kwamfuta. An yi makamancin wannan a Genoa da Zurich da Sifen. Sai dai a lura da abin da waɗannan manhajoji suka koya. Hotunan da aka ciyar da su, likitoci ne suka yi musu alama bisa tsarin Maricq da Cutolo, ko kuma an riga an san wane ne mai cutar wane ne ba shi da ita. Gadon aikin shekaru 50 suke ci.

Mai ja da wannan magana zai ce na raina na'ura. Zai ce idon Müller ne ya gaza, amma kwamfutar da ta duba hotuna dubu ɗari tana iya tsinkayo abin da ɗan Adam ba zai taɓa lura da shi ba, don haka alkawarin 1922 yana iya cika yanzu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Bincike da dama ya nuna cewa masu ciwon sukari da masu hawan jini, idan aka ɗauke su a jimlace, jijiyoyinsu sun ɗan bambanta da na masu lafiya. Amma bambanci tsakanin taro biyu ba ya nufin an iya yanke wa mutum ɗaya hukunci, domin tarukan suna shiga juna sosai, kuma ciwon sukari da hawan jini suna da gwaje-gwaje masu araha da suka fi wannan tabbas. Idan kuma na'ura ta ce ta hango cutar da ba ta bayyana ba tukuna, hanya ɗaya ce ta sanin gaskiyarta: a jira, a ga wa ya kamu. Babu injin da zai matse shekaru 20 na Montreal ya mayar da su mako guda. Misalin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa ma goyon bayan wannan yake yi. A 2018 masu bincike daga cibiyar MIT ta Amurka da abokan aikinsu a Madrid sun ɗauki bidiyon jijiyoyin farce na masu shan maganin kansa, inda fararen ƙwayoyin jini suke bayyana tamkar giɓi mai haske a cikin jerin jajaye, suka nuna ana iya gane wanda fararen ƙwayoyinsa suka yi ƙasa matuƙa. Mutum 11 ne kacal a wannan gwajin farko, amma tambayar guda ce, kuma akwai gwajin jini a gefe da zai ƙaryata na'urar nan take in ta yi kuskure.

Akwai kuma batun yatsun wa aka koya da su. Cibiyoyin da suka gina wannan ilimi, Tübingen da Genoa da Ghent da Manchesta da Montreal, mafi yawan majinyatansu fararen fata ne. Sinadarin da ke ba fata duhu yana shanye haske, saboda haka jijiyoyin sukan fi wuyar gani a baƙar fata. Ga shi kuma an tabbatar a Amurka cewa siklerodama ta fi saurin kama baƙaƙe suna da ƙuruciya, ta kuma fi yi musu illa a huhu. Ke nan waɗanda suka fi buƙatar a gano cutar da wuri su ne hotonsu ya fi wuyar karantawa. Wannan damuwa tana da madogara: a 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan sun nuna cewa 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar oksijin ta ɓoye ƙarancin iskar ga baƙaƙen majinyata kusan ninki uku fiye da farare, bayan an shafe shekaru ana dogaro da ita. A Najeriya da Nijar akwai ƙari. Ƙa'idar gwajin ta ce a guji gyaran farce na makonni kafin a zo, domin ɗan rauni yakan bar ɗigon jini mai kama da na cuta. Hannun manomi da na maƙeri da na mai wanki kullum cikin irin wannan rauni yake, yatsun mata da yawa kuma da lalle a kansu. Manhajar da ba ta taɓa ganin irin waɗannan hannaye ba za ta ba da amsa duk da haka, da lambobi tsaf-tsaf.

Hujja mafi nauyi a kan matsayina ita ce ta rashi. Likitocin cututtukan gaɓoɓi da garkuwar jiki kaɗan ne ainun a Najeriya da Nijar, kuma mai siklerodama yakan yi shekaru yana yawo tsakanin kemis da mai maganin gargajiya kafin a ambaci sunan cutarsa. Za a ce, a irin wannan hali da babu gara ba daɗi. Na yarda da rabin maganar. Madubi mai araha da manhajar da aka gwada a kan fatarmu, a hannun likita ko ma'aikaciyar jinya da ta ga yatsu masu kumburi da gyambo da ciwon gaɓoɓi, zai iya gaggauta tura mutum asibitin koyarwa, kuma hakan yana da amfani tunda yanzu akwai magungunan da ke kare ƙoda da rage ɓarnar huhu. Amma alƙaluman Montreal daga mutanen da suka riga suka zo da larura aka samo su. Idan aka ɗauki gwajin aka yi wa kowa da kowa a kasuwa ko wurin taro, inda mai cutar ya yi wuyar samu, yawancin waɗanda na'urar za ta tsorata lafiyarsu lau. Mun kuma san masu yawo da akwatunan gwajin kwamfuta, a riƙe wani ƙarfe a hannu a fito da jerin cututtuka, maganin kuma yana cikin jakar mai gwajin. Hoton jinin mutum yana gudana a allo a gaban idonsa ya fi wannan akwati ɗaukar hankali nesa ba kusa ba, tunda abin da ake nuna masa jininsa ne da gaske, fassarar ce kawai ta ƙarya.

Cututtukan da suka fi addabar mu a siraran jijiyoyi suke ɓarna. A zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna manne wa bangon jijiyoyin su toshe su, kuma Arjen Dondorp da abokan aikinsa sun kalli wannan toshewa kai tsaye a 2008 a jikin majinyata a Asiya, ta kyamarar da aka ɗora a ƙarshen hanji. A cutar sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita, lanƙwasassun ƙwayoyi ne suke maƙalewa, kuma tun 1987 Herbert Lipowsky ya auna gudun jini a gindin farcen masu ita. Har yanzu ɗayansu bai zama gwajin yau da kullum ba. Kafin ya zama, sai asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai sun fara tara hotunan yatsun masu lafiya, manya da yara, masu lalle da masu kanta, don a san iyakar abin da yake daidai a fatarmu, sannan a zaɓi tambaya guda, misali ko hoton yaro mai sikila yana nuna wanda ciwon zai fi tasar wa, a rubuta sunayen yaran, a riƙa kiransu suna dawowa shekara bayan shekara.